Tambaya da Amsa: Shamuwa a gawo, jemage a ceɗiya

TAMBAYA

Assalamu alaikum Baba Malam. Ni ɗalibi ne a ajin ƙarshe na lise a nan Maradi, gidanmu yana unguwar Bagalam. A ƙofar gidan akwai wata tsohuwar ceɗiya da kakanmu ya dasa. Tun da ruwan fari ya sauka bana jemagu suka cika ta, manya-manya masu wuya ruwan ɗorawa, ba su ƙirguwa. Da rana hayaniya, da magariba su tashi kamar hayaƙi, da safe a tarar sun ɓata tabarmin da ake zama a gindin itacen. Baffana ya rantse sai ya sa an sare ceɗiyar. Amma kuma shamuwa biyu sun yi sheƙa a gawon da ke bayan gida, shi wannan Baffan ya ce duk yaron da ya jefe su sai ya sha bulala. Na ce masa ai duk tsuntsaye ne, ya ce jemage la'anannen tsuntsu ne mai kashi ta baki. Don Allah Baba, jemage tsuntsu ne? Tsakaninsa da shamuwa wa ya fi amfani? In da abin da zan faɗa wa Baffa, a sanar da ni kafin mai gatari ya zo.

Ɗanka, daga Bagalam

AMSA

Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya yi maka albarka da ka tsaya ka yi tambaya tun gatari bai taɓa itacen ba.

Da kai da Baffa duk kun kira jemage tsuntsu, ni ma haka na tashi ina kiransa. Ina ɗan shekara 11, a ƙauyenmu kusa da tafkin Madarumfa, na harbo wani da danƙo daga kan gamji. Ya faɗo ƙasa bai mutu nan take ba. Da na juya shi da kara, sai na ga ashe mace ce, ga ɗan jariri manne a ƙirjinta, bakinsa a kan nono can wajen hamata, bai saki ba. Na kai wa kakata ina murna. Ta duba, ta yi shiru, ta ce: "Ka kashe mai goyo." Shekara 30 da wani abu na yi ina koyar da ilimin halittu a lakwal kafin in yi ritaya, kuma ban taɓa shiga darasin jemage ba tare da na tuna wannan maganar ba.

To ka ga amsar tambayarka ta fari. Shamuwa ƙwai take sakawa, 2 ko 3, ita da mijinta su yi ta karɓa-karɓa wajen kwanci kimanin wata guda, in sun ƙyanƙyashe su riƙa amayo wa 'ya'yan abinci a sheƙa. Jemage haihuwa yake yi, ɗa guda tak a shekara, uwar ta shayar da shi nono, ta tashi da shi manne a jikinta har ya yi ƙwari. Jikinsa gashi ne irin na akuya, yana da kunnuwa a waje, yana da haƙora, ga fiƙoƙi kamar na kare. Da akuya da saniya da mu kanmu, su ne danginsa a halitta. Ire-iren jemagu a duniya sun haura 1,400, kusan ɗaya cikin biyar na duk dabbobin da ke shayarwa, kuma su kaɗai ne a cikin masu shayarwa Allah ya ba ikon tashi sama da fukafuki.

Fukafukin ma ka dube shi da kyau. Ɗaga hannunka ka buɗe yatsu. Ka ƙaddara yatsu huɗun nan sun yi tsawo har sun kai tsawon jikinka, an shimfiɗa fata siririya tsakaninsu har zuwa idon sawu, babban yatsa kawai ya rage a waje da ƙumba a kansa. Wannan shi ne fukafukin jemage, hannu ne sosai. Da shi yake rarrafe a reshe, da shi yake lulluɓe jikinsa, da shi yake yi wa kansa fifita in rana ta take. Na shamuwa kuwa gashin tsuntsu ne jere a kan ƙashi. In ɗaya ya tsinke wani ya tsiro.

Wanda ya sauka a ceɗiyarku, yadda ka kwatanta shi da wuya ruwan ɗorawa da taro mai yawa da hayaniyar rana, shi ne babban jemage mai cin 'ya'yan itace, wanda masana ke kira Eidolon helvum. Nauyinsa gram 250 zuwa 300 ne galibi, in ya buɗe fukafukai ya kai santimita 75 ko ya ɗara. Shamuwa ta ninka shi uku ko huɗu a nauyi, don takan ɗan haura kilo guda. Kada ka haɗa shi da ƙananan baƙaƙen nan da ke shiga rufin ɗaki da soron masallaci. Waɗancan ƙwari suke ci, kuma da kunne suke tafiya: suna fitar da wata siririyar ƙara su saurari amsa-kuwwarta. Naku da ido yake tafiya da hanci. Dubi girman idanunsa za ka san maganar makanta ba ta taso ba.

Sai batun kashi ta baki, wanda tun muna yara ake faɗa mana. Ga abin da mutane suka gani. Jemagen nan ba ya haɗiye ɗan itace gaba ɗaya. Yana taunawa, ya matse da harshe a ganɗa, ya tsotse ruwan, sa'an nan ya tofar da tuƙar. Wanda ke ƙasa ya ga abu na faɗowa daga bakin dabba mai kai ƙasa, me zai ce? Amma in ka yi haƙuri ka zauna gefe da hantsi ka zuba ido, za ka ga lokacin da ɗaya zai juya, ya rataye da manyan yatsunsa kai sama, ya yi bayan gida ko fitsari ta inda kowace dabba ke yi, ya koma yadda yake. Yana juyawar nan ne don kada ya ɓata jikinsa. Na sha kai ɗalibai gindin itace don su ga wannan kaɗai, gani ya kori ji. Rataya kai ƙasa kuma ba azaba ba ce gare shi. Jijiyoyin ƙafarsa suna da makulli, nauyin jikinsa ne ke jan su su damƙe reshe, shi ya sa yake barci a haka bai faɗo ba, har a kan tarar da wanda ya mutu yana rataye.

Ita kuwa shamuwa, ka taɓa lura ƙafafunta kan yi fari-fari kamar an shafa musu toka? Kashinta take saki a kansu da gangan in zafi ya yi yawa, ruwan ya bushe ya sanyaya mata jini. Hikima ce Allah ya ba ta. Na kawo maka ne don ka ga in ana maganar tsabta, wanda ake zagi da wadda ake yabo ba su tsaya inda muka ajiye su ba.

Abin da ya fi ɗaukar mini hankali game da su biyun shi ne tare suke zuwa. Kai da kanka ka ce jemagun sun sauka bayan ruwan fari, shamuwar ma lokacin ta iso. Dukansu 'yan ci-rani ne masu bin damina. Manomanmu sun san in watan bakwai na lissafin manoma ya kama aka ga shamuwa na shawagi, to a gyara kalme a fito da iri. Ba ita ke janyo hadari ba, tana biye da shi ne, domin inda ruwa ya zuba nan ciyawa ke fitowa, nan fara da tsutsa ke ƙyanƙyasa. Tana sheƙa a wannan ɗamara tamu ta Sahel tun daga Senegal har Habasha, kuma ta fi son cikin gari, kan gawo ko kuka ko rufin rumbu, don ta daɗe da sanin ba a taɓa ta. Da kaka ta tattara 'ya'yanta ta yi kudu, ta tsallake tsakiyar Afirka zuwa ƙasashen da daminarsu ke faɗowa lokacin ɗarinmu, su Tanzaniya da Zambiya da Zimbabuwe. Wasu masu bincike daga Danmak sun taɓa ɗaura wa shamuwoyi na'ura a nan Nijar, tauraron ɗan Adam ya bi su har Tanzaniya. Da rana take tafiya, tana hawa iskar zafi da ke tasowa daga ƙasa, ta yi ta kewaye har ta yi sama sosai sa'an nan ta sulale gaba, da ƙyar take kaɗa fukafuki. Sunan da Turawa suka laƙaba mata tun 1823 ma na wani gwamna ne na zamanin mulkin Turkawa a Sudan, Abdim.

Jemage bai samu wannan sauƙin ba. Da dare babu iskar zafi mai ɗaga matafiyi, duk tafiyar da ƙarfin ƙirji yake yinta. Daga kurmin kudu yake tasowa, ƙasashen bakin teku, ya bi itatuwa suna huda suna nuna har ya iso mu, in abinci ya ƙare ya juya. A Zambiya akwai wani gandun daji, Kasanka, inda danginsa ke taruwa miliyoyi tsakanin Oktoba da Disamba a ɗan ƙaramin kurmi, ana lissafa taron cikin mafi girman ƙaurar dabbobi masu shayarwa a duniya. An sa wa wasunsu na'ura an ga ɗaya ya ci fiye da kilomita 2,000. A Akara, babban birnin Gana, kuwa, inda suke cika itatuwan wani asibitin sojoji a tsakiyar birni, an bi sawun wasu an ga ɗaya kan yi nisan sama da kilomita 80 daga inda ya wuni don neman abinci, ya komo kafin gari ya waye. Kusan a ce ya tashi Maradi da magariba ya ci abinci a Katsina, asuba ta same shi a gida.

Yanzu wa ya fi amfani? Aikin shamuwa a fili yake. Tana bin mai noma, tana bin gobarar daji, tana tsince fara da tsutsa da ƙananan ɓeraye. Binciken da aka yi a gabashin ƙasar nan ya nuna fara ce kan gaba cikin abin da take ciyar da 'ya'yanta, musamman ƙaramar farar nan da ke cin hatsi tun yana tsiro. Ba zan ce maka za ta iya tare farar dango ba. Wanda ya ga abin da ya faru a 2004, da yunwar da ta biyo a 2005 lokacin da cibiyoyin ciyar da yara suka cika a Maradi, ya san wannan ya fi ƙarfin tsuntsu. Amma farar da ke ƙyanƙyasa a gonakinmu kowace shekara, shamuwa na rage ta ba tare da an biya ta ko dala ba. Baffa ya yi daidai da ya tsare sheƙarta. Akwai kuma abin da ke iya cutar da ita banda jifan yara: feshin magani barkatai ne, ta ci farar da ta sha guba ta kai wa 'ya'yanta.

Aikin jemage da dare yake, ba mai gani sai mai nema. Ka je gindin kuka da damina bayan magariba. Furenta fari ne babba, yana reto a dogon igiya kai ƙasa, sai rana ta faɗi yake buɗewa, yana da wani wari mai nauyi, kafin wata magaribar ya yanƙwane. Wannan fure an yi shi ne daidai jemage. Yana zuwa ya rungume shi ya lashi zumar, garin furen ya manne masa a fuska da ƙirji, ya kai wa kuka ta gaba. Ta haka kuka ke samun 'ya'ya, garin kukar da ake kaɗawa a nono, da ƙwallon da sabuwar kuka za ta tsiro daga gare shi. Haka shi da danginsa suke yi wa rimi da ɗorawa, wadda daga kalwarta ake daddawa. Ƙananan iri kuma, irin na ɓaure da durumi da gamji da ita kanta ceɗiya, yana haɗiye su da ruwan, ya je ya zubar da su yana cikin tashi a nesa, a saurar da ba wanda zai je ya dasa komai. In ka ga ɓaure ya tsiro a wuyan giginya ko a tsagin tsohuwar katanga, jemage ne ko tsuntsu ya kai shi.

Mu mutanen Maradi bai kamata a yi mana dogon bayani kan darajar itace ba. A nan ne sassaben zamani ya kafu tun wajejen 1983, manoma suka daina tumɓuke kututture suna barin toho ya girma, har gonakin da suka zama fili fetal suka koma kore, ana zuwa daga ƙasashen duniya ana kallo. Amma kututture yana tsiro da abin da dama yake wurin ne. Sabon iri daga nesa, sai an samu mai ɗauko shi.

In ka matsa mini in zaɓa, to ga ra'ayina. Farar da shamuwa ke ci, akwai balbela da hankaka da zabi da sauran masu taya ta. Furen kuka da dare kuwa masu zuwa masa ba su da yawa. Shi ya sa nake ganin rashin jemage zai fi wuyar cikewa. Ga shi ɗa guda yake haifa a shekara, in an kashe mai goyo an kashe biyu. Farautarsa don nama a ƙasashen kudu da sare itatuwan da yake sauka sun rage shi, har ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa shi tun 2008 cikin waɗanda ke dab da shiga haɗari. Kuma ka tuna wa Baffa, a matsayinsa na manomi, jemage bai taɓa cin zangarniyar hatsi ba. Mai wannan ɓarnar jan-baki ne, shi kuwa cikakken tsuntsu ne.

Akwai inda Baffa yake da gaskiya, kada ka ƙi ba shi ita. Ƙazantar gaskiya ce, warin gaskiya ne. Jemagu kuma suna ɗauke da ƙwayoyin cuta da su ba sa jin komai. A jikin irin wannan jemagen aka fara gano wata 'yar uwar ƙwayar cutar haukan kare a Legas a 1956. Saboda haka kada kowa ya taɓa shi da hannu, mai rai ko matacce. A hana yara harbinsa da gasa shi, don wajen kamawa da fiɗa ne jini da yawu ke haɗuwa da mutum. Wanda ya faɗo a kwashe shi da shebur a binne. In ya ciji wani ko ya yakushe shi, a wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, a tafi likita a ranar, kada a tsaya shafa toka. Randa da tulu da duk abin shanya a rufe ko a janye su daga ƙarƙashin itacen. In za a share, a yayyafa ruwa tukuna don kada ƙura ta tashi, a kai sharar bola ta ruɓe ta zama taki. Jifa da hayaƙi da buga gwangwani kan watsa su cikin unguwa ne kawai, su faɗa gidajen maƙwabta.

Game da yadda za ka tunkari Baffa, kada ka je masa da takarda a hannu a gaban mutane. Ka sami lokacin da yake shi kaɗai bayan isha'i, ko ka biya ta wajen Inna ko limamin unguwa. Abin da za ka roƙa kaɗan ne: a ɗaga tabarmi a koma zaure, a jira kaka. Baƙi ne, da kansu za su tashi kamar yadda shamuwar za ta tashi, ceɗiyar kakanku kuwa in ta faɗi ba wanda ke raye a gidan da zai ga kamarta. Ka ce masa ya tuntuɓi ma'aikatan gandun daji ma tukuna, don ba a sare babban itace haka kawai ba izini. Maganar la'ana kuwa, ka roƙe shi ya tambayi liman abin da tafsirin Jalalaini ya kawo a aya ta 49 cikin Suratu Ali Imrana. A nan aka ce abin da Annabi Isa, alaihis salam, ya siffanta da laka ya hura masa ya tashi da izinin Allah, jemage ne. Na ga dattawa da yawa sun sassauta da suka ji wannan daga bakin malaminsu.

Ka rubuto mini bayan girbi in ji yadda kuka ƙare.

TAMBAYA

Malam, barka da aiki. Ina da garkar mangwaro a bakin Gulbi wajen Jiratawa. Duk bazara jemagu suna fasa mini 'ya'ya, da safe in tsince rabi-rabi a ƙasa. Wani ya ce in rataya tsohuwar koma ta kamun kifi a kan itatuwan. Ya kake gani?

Mai garka, daga Jiratawa

AMSA

Barka kadai ɗan'uwa, Allah ya mayar da alheri. Asarar mai garka asara ce, ba zan rage maka ita ba. Amma kada ka rataya koma. Idonta manya ne, zarenta siriri, za ka wayi gari da jemagu da tsuntsaye a sarƙe suna mutuwa, kuma kai ko yaronka ne za ku sa hannu ku ciro su, wurin nan ne ake samun cizo.

Jemage da hanci yake nemo mangwaro, wanda ya nuna a kai ya fara ƙamshi shi yake bi. Ka riga shi. Da zarar ya ƙosa, kafaɗarsa ta cika, fatar ta fara sauya, ka tsinke ka nuka a ɗaki cikin kwali ko buhu. Mai saye daga Maradi ma ya fi son haka don ba ya lotsewa a mota. Manyan mangwaro masu aure masu tsada da kake son su nuna a kai, ka sa wa kowane ɗa jakar takarda ko ƙyalle ka ɗaure a wuya. In itacen gajere ne, gidan sauro da ya tsufa ya fi koma, a ja shi ya miƙe sosai a ɗaure a gindi. In akwai ɓaure ko dogon yaro a gefen garkar ka bar su, suna ɗauke wa mangwaro wani nauyin.

Waɗanda ka tsinta a fashe kuwa, kada a yanke gefen a ba yara, kada a zuba wa awaki. A Maleshiya, a 1998, ta irin wannan saura na jemage wata muguwar cuta ta shiga dabbobin kiwo ta kai ga mutane. Ka haƙa rami a gefen garka ka riƙa zuba su kana rufewa da ƙasa.